Lissafin Kuɗin Ɗumama Tafkin Ninƙaya da Hanyoyin Rage Shi

Gabatarwa

A cikin watan Satumba na shekarar 2022, wani kamfani mai kula da wuraren wasanni a ƙasar Faransa ya rufe tafkunan ninƙaya wajen talatin a lokaci guda, bisa dalilin cewa ba zai iya biyan kuɗin gas da lantarki ba. A wannan shekarar dai, hukumar da ke kula da tafkunan birnin Balin na ƙasar Jamus ta rage ɗumin ruwansu domin tsimin gas. A Ingila kuwa, sai da ta kai gwamnati ta ware fam miliyan 63 a kasafin kuɗin watan Maris na 2023 don kada tafkunan jama'a su durƙushe. Musabbabin duka wannan shi ne tsadar makamashi da ta biyo bayan ɓarkewar yaƙi tsakanin Rasha da Yukiren a watan Fabrairu na 2022, kamar dai yadda tsadar man fetur ta 1973 ta girgiza waɗannan ƙasashe a da.

Abin da ake nufi da tafkin ninƙaya a nan shi ne ginannen kwami na siminti da tayil, wanda ake cikawa da ruwa domin iyo. Mai karatu yana iya ɗaukarsa kayan more rayuwa na masu hali kawai. To, amma a ƙasashen sanyi a nan ne yaran makaranta ke koyon iyo, a nan ne kuma tsofaffi da masu jinyar gaɓɓai ke motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021. Ke nan rufe tafki ɗaya a unguwa yana nufin ɗaruruwan yara za su tashi ba su iya ceton kansu a ruwa ba.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna yadda ake lissafa kuɗin ɗumama irin wannan tafki, da yadda ake rage shi. Za a ga cewa ɗumamawar farko ba ita ce mai cin kuɗi ba. Abin da ke cinye aljihu shi ne mayar da zafin da ke tserewa dare da rana. Wannan darasi ne da ya shafi ɗalibin kimiyya, ya kuma shafi ma'aikacin gwamnati mai tsara kasafi, domin misali ne bayyananne na bambancin da ke tsakanin kuɗin kafa abu da kuɗin riƙe shi.

Dalilin Ɗumama Ruwa

Ruwa yana zuƙe ɗumin jikin mutum da saurin da ya ninka na iska wajen sau ashirin da biyar. Shi ya sa iska mai digiri 20 a ma'aunin Selsiyas ba ta damun kowa, alhali kuwa ruwa mai digiri 20 yakan sa yaro rawar ɗari cikin ɗan lokaci. Hukumar wasannin ninƙaya ta duniya ta ƙayyade cewa ruwan gasa ya kasance tsakanin digiri 25 da 28. Na ƙananan yara da tsofaffi akan ɗaga shi zuwa wajen digiri 30.

Akwai wuraren da Allah ya hutar da mutane daga wannan wahala. Ruwan Wikki da ke gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi yana nan a kan digiri 31 rani da damina, dare da rana. A garin Bath na Ingila, inda Rumawa suka gina gidan wanka kusan shekaru dubu biyu da suka wuce, ruwa na ɓuɓɓugowa da zafin digiri 46. Mutanen tsibirin Aisilan kuma da ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa suke ɗumama tafkunansu, har suna iyo a sarari ƙanƙara na sauka. Inda babu wannan baiwa, tilas a hura wuta. Babban gidan wanka na Sarki Karakala a birnin Rum, wanda aka buɗe a shekara ta 216, da itace ake ɗumama shi, bayi suna ta zuba wa murhu a ƙarƙashin daɓe. Itacen ya koma gawayin kwal, kwal ya koma gas da lantarki, amma tambayar ba ta sauya ba: nawa za a ƙona, kuma ina zafin yake tafiya?

Mataki na Farko: Ɗumamawar Farko

Lissafin yana tsaye ne a kan ƙa'ida guda da ta samo asali daga gwaje-gwajen James Joule, mutumin Ingila, a shekarun 1840. Awon da za a yi amfani da shi a nan shi ne kilowat-awa, watau abin nan da ake kira yunit a jikin mitar lantarki. Ƙa'idar ita ce: ɗaga zafin ruwa lita dubu da digiri ɗaya yana bukatar yunit 1.16.

A ɗauki tafkin wani ƙaramin otal ko makaranta, mai tsawon mita 10, faɗin mita 5, da zurfin da in aka daidaita shi zai kama mita ɗaya da rabi. In aka ninka tsawo da faɗi da zurfi za a sami 75, watau ruwa lita 75,000 ke nan. Ɗaga zafin wannan ruwa da digiri ɗaya zai ci 75 sau 1.16, wato yunit 87. Wannan adadi na 87 ya kamata mai tafkin ya haddace shi, domin a kansa sauran lissafin zai hau.

To, a ce an cika tafkin da ruwa mai digiri 15 a farkon bazarar Turai, ana so ya kai 27. Tazarar digiri 12 ce. In aka ninka 87 sau 12 za a sami yunit 1,044. Ga wanda ke son kwatanci, tafkin gasar Olamfik mai tsawon mita 50, faɗin 25 da zurfin 2 yana ɗaukar lita miliyan biyu da rabi, kuma kowane digiri ɗaya nasa yana cin yunit 2,900.

Mutane da yawa a nan suke tsayar da lissafi, su rubuta 1,044 a takardar kasafi, su sa hannu. Wannan kuwa shi ne babban kuskure.

Mataki na Biyu: Inda Zafi Ke Bi

Duk abin da ya fi maƙwabcinsa zafi sai ya ba shi. Da zarar ruwa ya fi iskar da ke kansa ɗumi, ya fara asara ke nan, kuma ta hanyoyi daban-daban. Wani zafin yana bin bango da daɓe ya shiga ƙasa. Wani yana tashi sama kai tsaye, musamman a daren da babu gajimare, kamar yadda rufin kwano ke yin sanyi da asuba. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa a tafkin da ke sarari, ƙasa da sauran ƙananan hanyoyi suna ɗaukar kimanin kashi 10 cikin ɗari na asarar, tashi sama yana ɗaukar kashi 20. Ragowar kashi 70 ɗin duk tururi ne ke tafiya da shi.

Dalilin haka wani masani ne mai suna Joseph Black ya bayyana shi a Jami'ar Gilasgo a farkon shekarun 1760. Ya gano cewa ruwa ba ya zama tururi sai ya haɗiye zafi mai yawan gaske, wanda ma'aunin zafi ba ya nunawa. Ya kira shi ɓoyayyen zafi. Kowace lita ɗaya da ta tashi daga fuskar tafki tana tafiya da kimanin yunit 0.68. Wannan zafi ya isa ya ɗaga lita fiye da ɗari biyar da digiri ɗaya.

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan a aikace, ko da bai sa masa suna ba. Ruwan randa yana sanyi ne domin yumɓu na tsatsafo da ɗan ruwa waje, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin na ciki. A kan wannan hikima ce Malam Muhammad Bah Abba na Jihar Jigawa ya gina dabararsa ta sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, wadda ta samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tafkin ninƙaya da ba a rufe ba randa ce mai faɗin baki. Bambancin kawai shi ne mai randa yana murna da sanyin, mai tafki kuwa biyan kuɗinsa yake yi.

A koma ga tafkin misalin nan. Faɗin fuskarsa murabba'in mita 50 ne. In ruwan ya ragu da milimita 5 a yini, abin da ido ma ba zai lura da shi ba, lita 250 ke nan ta tashi. In aka ninka 250 sau 0.68 za a sami yunit 170. An riga an ga cewa digiri ɗaya yunit 87 ne, saboda haka wannan 'yar raguwa ta sauke zafin tafkin gaba ɗaya da kusan digiri biyu. Yunit 170 kuwa ya yi daidai da zafin da ke cikin tukunyar gas ta girki mai kilo goma sha biyu da rabi. Watau kullum ta Allah tukunya guda cike tana bin iska.

Abubuwa uku ne ke ƙara wannan asara. Na ɗaya ɗumin ruwan kansa, domin gwargwadon zafinsa gwargwadon tururinsa. Na biyu bushewar iska. Na uku kaɗawarta, domin iska mai gudu tana kwashe laimar da ta taru a fuskar ruwa, ta kawo busasshiya a madadinta. Wanda ya taɓa shanya a lokacin hunturu ya san abin da busasshiyar iska mai kaɗawa ke yi wa jiƙaƙƙen tufafi. Shi ya sa ruwan tafki a Jos ko Zariya yakan yi sanyi ƙarara a watan Janairu, ko da rana tana fitowa kullum.

Mataki na Uku: Auna Asarar Yini

Akwai dogayen ƙa'idoji da injiniyoyi ke bi su haɗa gudun iska da laima da hasken rana. Amma ga mai tafkin da ya riga ya ginu, akwai hanya mai sauƙi wadda ma'aunin zafi kaɗai take bukata. A bari ruwa ya kai ɗumin da ake so, a kashe na'urar ɗumamawa, a bar famfo yana juya ruwan, a auna da ƙarfe takwas na safe, a sake aunawa da ƙarfe takwas na safen gobe. Bambancin da aka samu shi ne asarar yini, kuma ya riga ya ƙunshi rangwamen da rana ta yi, tun da ruwa yana shanye mafi yawan hasken da ya sauka a kansa. Ya kyautu a maimaita awon a farkon lokacin iyo da tsakiyarsa da ƙarshensa, sa'an nan a ɗauki matsakaici.

A ƙaddara an sami digiri biyu. Asarar yini ta zama 87 sau 2, wato yunit 174. In za a buɗe tafkin kwana 150, daga Mayu zuwa Satumba, jimlar ta kama yunit 26,100. In aka haɗa da ɗumamawar farko za a sami kimanin 27,000. Yanzu sai a dubi matsayin 1,044 ɗin nan: bai kai kashi 4 cikin ɗari na jimlar ba, kuma kwana shida kacal ya isa tafkin ya zubar da kwatankwacinsa. Wanda ya yi kasafi da shi kaɗai, tun sati na farko kuɗinsa ya ƙare.

Mataki na Huɗu: Mayar da Yunit Kuɗi

Zafin da tafki ke bukata daban, makamashin da za a saya daban, domin ya danganta da irin na'urar. Don sauƙin lissafi, a ƙaddara ana sayar da yunit ɗin lantarki peni 25, na gas peni 6. Mai karatu yana iya sa farashin garinsu a madadinsu.

Na'urar lantarki mai waya, irin hitar da ake tsomawa a bokiti, tana ba da yunit ɗaya na zafi a kan kowane yunit da ta ci. Kuɗinta zai kama 27,000 sau peni 25, wato fam 6,750.

Na'urar gas tana zubar da wani kaso ta bututun hayaƙi. In tana isar da kashi 85 cikin ɗari ga ruwa, za a sayi yunit wajen 31,800, kuɗinsu kuwa kimanin fam 1,900.

Ta uku ita ce na'urar janyo zafi. Aikinta irin na firiji ne, sai dai an juya shi. Firiji yana kwaso zafi daga cikinsa ya watsar ta baya, shi ya sa bayansa ke da ɗumi. Ita kuwa tana kwaso zafi daga iskar waje ta zuba a ruwa. Tun da ɗauko zafin take yi ba ƙirƙira ba, takan ba da yunit uku zuwa bakwai a kan kowane yunit na lantarki. Dabarar ba sabuwa ba ce: a 1941, lokacin da yaƙin duniya na biyu ya kawo ƙarancin kwal a Suwizalan, da ita aka ɗumama tafkin birnin Zurik. In aka ɗauki biyar, za a sayi yunit 5,400, wato fam 1,350. Aibinta biyu ne. Ta fi sauran tsadar saye, kuma ƙarfinta yana raguwa in sanyin iska ya sauka ƙasa da digiri 10.

Hanyoyin Rage Kuɗin

Tun da an gane inda zafi ke bi, tsarin gyaran ya fito da kansa. Mai ɗibar ruwa da tulu mai huji, liƙe hujin zai fara yi kafin ya nemi rijiya mafi kusa.

Abu na farko shi ne murfi. Wata shimfiɗa ce ta roba mai ƙananan kumfa, wadda ake bazawa a kan ruwa in an tashi daga iyo, a naɗe ta in za a shiga. Tana raba ruwa da iska, tururi ya rasa hanya. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce murfi yana iya rage kuɗin ɗumamawa da kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari, ya rage ruwan ciko da kashi 30 zuwa 50, ya kuma rage yawan sinadarin tsarkake ruwa. Tafkin da ake iyo a cikinsa awa takwas yana da awa goma sha shida da ba ya bukatar zama a buɗe, kuma a cikinsu ne dare yake, lokacin da asara ta fi tsanani. In murfi ya raba asarar tafkin misalin nan biyu, bukatar ta sauko zuwa yunit 14,100. Da na'urar janyo zafi kuɗin zai zama kimanin fam 700. Daga 6,750 zuwa 700, an kusa ninka sauƙi sau goma, alhali ruwan yana nan da ɗuminsa na digiri 27. Sai dai a yi hattara: ba a barin murfi rabi a kan ruwa ana iyo, kuma yaro yana iya takawa ya zurma ƙarƙashinsa, don haka shinge da ƙofa mai kulle wajibi ne.

Abu na biyu shi ne rage ɗumin kansa. Ma'aikatar da aka ambata ta nuna cewa ƙarin digiri ɗaya a ma'aunin Faranhait, wanda ya ɗan ɗara rabin digirin Selsiyas, yana ƙara kuɗi da kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari, gwargwadon yanayin wuri. Wannan ne hujjar hukumar birnin Balin. Har ila yau akwai wata camfin da ta yaɗu, wai barin na'ura tana aiki ya fi arha bisa ga kashe ta a sake kunnawa. Lissafi bai goyi bayan wannan ba. Ruwan da ya huce asararsa kaɗan ce, saboda haka in za a yi kwanaki ba a shiga ba, kashewa ta fi.

Abu na uku shi ne kare tafki daga iska, ta hanyar katanga ko shingen shuke-shuke a ɓangaren da ta fi kaɗowa. A kula kada shingen ya yi tsawon da zai jefa inuwa a kan ruwan, a gudu daga asara guda a faɗa wata.

Abu na huɗu shi ne rana. Ana shimfiɗa baƙaƙen faifai na roba masu ƙananan bututu a kan rufi, famfon tafkin ya tura ruwa ta cikinsu ya dawo da ɗumi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce faɗin faifan ya kai rabin faɗin tafkin zuwa kwatankwacinsa duka, watau murabba'in mita 25 zuwa 50 a misalin nan. Bayan kuɗin kafawa, babu abin da ake biya sai ɗan lantarkin famfo. A ƙasashe masu yawan rana wannan da murfi sukan wadatar, ba sai an ƙona kome ba.

Tafkin cikin gini yana da tasa matsalar. Ba ya fama da iskar waje, amma tururinsa yana taruwa ya lalata rufi da ƙarafa, dole a fitar da iskar mai laima a shigo da sabuwa, ita ma a ɗumama ta. Saboda haka akan riƙe iskar ɗakin sama da ruwan da digiri ɗaya ko biyu, a kuma sa na'urar da ke karɓe zafin iskar da ke fita ta miƙa wa mai shigowa. Ko a nan murfi yana aiki, domin in an rufe ruwa da dare ana iya sassauta fankokin.

Akwai kuma zafin da wani ya rasa yadda zai yi da shi. Cibiyoyin adana bayanai na kwamfuta suna kashe kuɗi mai yawa wajen sanyaya injinansu. A 2023 an kafa wata ƙaramar cibiya a gidan ninƙaya na garin Exmouth a Ingila, inda zafin kwamfutocin ke shiga ruwan tafki. Haka kuma tafkin da aka gina a Saint-Denis don gasar Olamfik ta Faris ta 2024 yana samun ɗumi daga wata babbar cibiya da ke kusa da shi.

Kammalawa

A taƙaice, lissafin yana da matakai huɗu: a san yawan ruwa da abin da digiri ɗaya ke ci, a auna asarar yini, a ninka ta da kwanakin aiki, sa'an nan a raba da ingancin na'ura a ninka da farashi. Gyaran kuma yana da jeri: murfi tukuna, sai daidaita ɗumi, sai kare iska, daga ƙarshe a zaɓi tushen wuta. Wanda ya juya jerin, ya fara da sayen babbar na'ura, zai saye ta daidai da asarar da bai toshe ba, ya biya tsadar saye, ya kuma ci gaba da biyan tsadar aiki.

Ga ma'aikacin da takardar gina tafki za ta biyo ta teburinsa, ko ta makaranta ce ko ta filin wasa, akwai tambayoyi uku da ya kamata ya rubuta a gefenta kafin ya sa hannu. Yunit nawa tafkin zai zubar a yini? Wane asusu ne zai biya su a shekara ta biyar? An sa kuɗin murfi a cikin ƙiyasin? Tafkunan da aka rufe a Turai a 2022 gininsu lafiya lau yake, ruwa kuma yana ciki. Kuɗin yau da kullum ne ya gagara.